Saƙon Malam Sani da Ba Mu Gani Ba

Jama'a, yau kunya ta kusa kashe ni a ofis!

Malam Sani, abokin aikina, ya dawo bayan mako guda. Duk mun ɗauka girbin masara ya tafi garinsu, Dayi. Na tare shi da dariya: "Manomi! Ina tsarabarmu?"

Sai ya ce, "Mahaifiyata ce ta rasu. Ai na rubuta a guruf ɗin ofis."

Innalillahi! Na zaro waya. Ga saƙon nan, hotunan barka da Juma'a sun binne shi. Har da nawa!

Oga ya ce, "Ku rufe ofis, Dayi za mu ta'aziyya."

A mota Malam Sani ya ce a hankali, "Kwana uku ina leƙen hanya, ko zan hango ku."