Baƙin tabon da na gani a jikin Adda Dije

A wannan daminar yayata Dije ta cika shekara talatin da rasuwa. Mu a gida Adda muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa. Ba shahararriya ba ce, ko karatun boko ba ta yi ba, balle sunanta ya fito a jarida. Na ɗauki alƙalami ne domin abin da nake zaton ya kashe ta yana nan a bayan gidajenmu har gobe, kuma da hannunmu muke taɓa shi.

A unguwar Yelwa ta Garwa aka haife mu, inda kakanmu ya yada zango da fataucin goro da kanwa. Adda ta girme ni nesa, ita ta goye ni. Doguwa ce, mai ƙarar murya, idan ta yi dariya har layi na biyu ake ji. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari ya bar ta da 'ya'ya uku. Baba ya ce ta dawo gida, ta ce a'a, za ta riƙe kanta. Sai ta kama kiwo. Takan je kasuwar Pitowa ta sayo ramammun raguna da 'yan bijimai, ta ɗaure a turke a bayan ɗakinta, ta ɗirka musu harawa da dusa da turto, wato tunkuzar auduga, kafin Babbar Sallah sun zama abin kallo. Da Fulatanci take yi musu magana. Idan muka yi mata dariya sai ta ce ai da shi aka raine su, ba su jin Hausa.

Kullum da safe, bayan ta ba su ruwa, sai ta jawo kujerarta ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa bayan kunne, ta ɗaga wutsiya, ta leƙa tsakanin ƙafafu, tana tsinke kaska. Wadda ta ƙoshi ta murƙushe ta da farce a kan dutse, jini ya ɓata mata yatsu, ta goge a zane ta ci gaba. Haka muka ga iyayenmu suna yi. A da ma'aikatan dabbobi kan zagayo da maganin feshi lokaci lokaci, amma da aka shiga shekarun nan na matsin tattalin arziki da muke kira kriz, aka zaftare albashi, darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, sai muka daina ganinsu. A shekarar da za ta rasu kuwa ta sayo wasu bijimai da aka koro daga daji, jikinsu cike da kaska, manya masu zane a baya.

Zazzaɓi ne ya fara kama ta, da ciwon kai wanda ta ce kamar ana sara mata gatari. Muka je dispansar, ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaci ɗaya ne a wurin, layi har waje, ba shi da abin gwada jini. Ya taɓa goshinta ya ce palu ne, zazzaɓin sauro, ya ba ta kinin. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Damina ce, kusan duk wanda ke wannan layi palu ne ya kawo shi.

Ta shanye magani, zazzaɓi bai motsa ba. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi har ta fara ɗingishi. Wasu ƙananan ƙuraje suka feso mata a hannu da ƙafa har tafin hannu, sai ka matso kusa kake ganinsu. Nan fa magana ta rarrabu. Wasu suka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Wasu suka ce baki ne ya kama ta saboda kyan dabbobinta, aka kawo rubutu. Da jiki ya ƙi muka kai ta babban asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, da kinin a ciki kuma. Ba wanda ya tambaye mu sana'arta. Ba wanda ya ce ta kwance zane a duba jikinta, ita ma ba za ta yi hakan a gaban namiji ba sai da ƙyar.

Daga baya hankalinta ya fara gushewa. Sai ta kama hannuna tana tambaya ko an ba dabbobi ruwa, in ce an ba su, can kuma ta sake tambaya. Fitsari ya ɗauke. Wata rana bayan azahar ta cika, 'yarta ta fari, Hauwa, tana yi mata fifita.

Ni na yi mata wanka, da wata dattijuwar unguwa da muke kira Goggo Asabe. Da muka juya ta sai na ga wani tabo can cikin cinyarta ta sama, baƙi ƙirin kamar inda garwashi ya ɗiga, gefensa ya yi ja. Na tsaya ina kallo.

"Cizon kaska ne," in ji Goggo. "Duk mai dabba ba ya rasa shi. Zuba ruwa, 'yar nan."

Na zuba. Muka suturta ta.

An yi shekaru da yawa kafin in san abin da na gani. Hauwa ta yi aure a garin Gidar, ta gaji sana'ar uwarta. Wata damina aka kawo mini ita Garwa a galabaice, zazzaɓi ya ƙi jin maganin palu, ciwon kai ya hana ta buɗe ido. Na san wannan hanya. Allah ya haɗa mu da wata likita mace. Tambayarta ta farko ita ce ko ana kiwo a gidan. Da muka ce e, ta sa mijin Hauwa ya fita, ta ja labule, ta bi jikinta gaɓa gaɓa. A bayan gwiwa ta sami tabon. Baƙi, da jan gefe.

Ta yi mana bayani a hankali. Kaskar da ke jikin shanu da tumaki tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, idan ta ciji mutum sai ta zuba masa su a jini. Zazzaɓin yana kama da palu, amma maganin palu ba ya taɓa shi, nasa maganin daban ne, kuma ba mai wuyar samu ba ne. Ta ce da yawa suna warkewa da kansu, wasu kuwa idan aka yi jinkiri yakan taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Kafin mako ya zagayo Hauwa ta tashi zaune tana neman kunu.

Na ba likitar labarin Adda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan wanda ba ta gani ba, amma abin da na kwatanta ya yi kama ƙwarai. Na fita na zauna ƙarƙashin wata dalbejiya a harabar asibitin, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce da ta ga Garwa ta yau. Za ta yi mamakin babura da wayoyin hannu. Za ta yi murna da cewa yanzu ana tsira yatsa a gane palu nan take. Amma ina jin ranta zai ɓaci idan ta ga wanda gwaji ya ce ba shi da palu ya wuce kanti ya sayi maganin palu duk da haka. Za ta ga masu garkuwa da mutane sun hana makiyaya kwana a daji, garkuna sun matso bakin gari da gefen kogin Binuwai, dabba da mutum suna kwana kusa fiye da da. Za ta ga maganin feshi a kasuwa, wani na gaske, wani ka fesa kaska na tafiyarta. Kuma da safe za ta tarar da mata a bayan gida, zaune kan kujera, suna tsinkewa da yatsu kamar yadda ta bari. Ina faɗa musu. Wasu su saurara, wasu su ce kaka da kakanni haka aka yi, ba wanda ya mutu. Sai in ce musu an mutu, ba a dai sani ba ne.

Dabbobinta an sayar tun kafin arba'in, gidan ma ya koma hannun wasu. Abin da ya rage nata shi ne 'ya'yan nan uku da ta tsaya musu ita kaɗai, duk sun zama mutane. Hauwa har yau tana kiwo, sai dai da hantsaki take cire kaska ta jefa a wuta, kuma duk yaron da ya shiga wajen turke sai ta tuɓe shi ta duba. Da ta zo gaishe ni kwanan baya, muna zaune muna tsince shinkafa, sai ta kira ni da sunan da suke kiran ƙanwar uwa.

"Yafendo, da an ja mata labule kamar yadda aka ja mini, da tana nan?"

Na ce mata kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Ta kalle ni, ta san ban gama ba.

Na ce, "Amma ina jin da tana nan, Hauwa."

Allah ya jiƙan Adda, ya sa ciwon nan ya zame mata kaffara.