Tsagar Bayan Kunne

Uwani mai kitso ta shekara ashirin da shida tana zaune a tsakar gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi, kawunan mata na wucewa ta tsakanin gwiwoyinta. Ba ta yi boko ba, amma idan ta kalli kitso sai ta faɗi wadda ta yi shi, kamar yadda malami ke gane rubutun ɗalibinsa. Mijinta Malam Inuwa, direban motar haya, yakan ce har a gidan gaisuwa kawuna take kallo.

Shekarar da soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bango ba, hargitsi ya tashi a gari. Ranar mutane suka yi ta gudu, masu shaguna na jan ƙofofi. Da ƙura ta lafa, Uwani ta leƙa zaure ta tarar da yarinya 'yar kamar shekara huɗu a tsugune bayan randa, takalmi ƙafa ɗaya. Ta tambaye ta sunanta, shiru. An kira Obiechina mai kantin kusa ya gwada ta da Ibo, shiru. An kai ta wurin mai unguwa, an yi cigiya a rediyo, ba wanda ya zo. Mai unguwa ya ce Uwani ta riƙe ta kafin a ji wani abu.

Ta riƙe ta. Tana kiranta Baƙuwa. Yarinyar na cin abinci, tana bin Uwani har bakin murhu, amma ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Abin da ya tsaya wa Uwani a rai shi ne kitson da ke kan yarinyar. Shuku ne, amma an kama gashin ta hagu, hannun bahaguwa ke nan. Sannan a bayan kunnen dama tsagar ta tafi sak, sai ta karkace kamar ƙugiya, ta dawo hanya. Uwani ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Mako uku, kitson ya tsufa, yarinyar ta fara susa.

"Ki tsefe mata mana, ko sai kwarkwata ta gina masallaci?" in ji Malam Inuwa.

"Malam, wannan ne fa kaɗai abin da ta zo da shi daga gidansu. In na tsefe, wa zan tambaya?"

Ta ƙara kwana biyu tana juya kan yarinyar a rana, tana bin tsagar da tsinin kibiya, ba ta taɓa kitson ba. Sai da ta ga fatar kan ta fara ja, sannan ta kira ƙanwarta Ladidi ta zaunar da ita, ta kwaikwayi kitson a kanta layi-layi, tana kamawa ta hagu har yatsunta suka sage. Ta tabbata ƙugiyar ta fito daidai, sannan ta tsefe na Baƙuwa, ta wanke mata kai, ta shafa man kaɗanya.

Daga ranar duk yarinyar da aka kawo kitson makaranta, shi take mata. Iyaye suka fara tambaya da kansu: "Inna, a yi mata mai ƙugiya." Kafin wata biyu kitson ya kai Tarauni, ya shiga Darmanawa. Uwani takan ce wa kowace yarinya, "In wani ya tambaye ki wa ya yi miki, ki kawo shi nan."

Wata Laraba da hantsi wata malamar firamare ta yi sallama, allin aji bai bar hannunta ba, tana riƙe da hannun ɗalibarta. Ta ce sunanta Miriam, mutuniyar Filato. Ta ce 'yar yayarta, Joy, ta ɓace ranar gudun, uwar ta karye a ƙafa an tafi da ita Jos, su kuma sun zaga asibitoci neman yarinyar har sun gaji. Yau da safe ta ga wannan tsagar a kan yara uku a ajinta.

Uwani ta miƙa mata kibiya. Miriam ta karɓa da hannun hagu.

Sai Uwani ta ɗaga labule. Yarinyar ta fito, ta tsaya tana kallon malamar. Can ta taka a hankali, ta juya baya, ta zauna tsakanin gwiwoyin Miriam, ta sunkuyar da kai tun ba a ce mata ba. Miriam na kuka ta fara tsaga. Da ta zo bayan kunnen dama, yarinyar ta fizge kai.

"Anti, da zafi!"

Malam Inuwa da ke alwala ya saki buta.

Uwani ta goge ido da bakin zane, amma ba ta bar abin da ke cinta ba. "'Yata, tsaya. Wannan ƙugiyar, a garinku ake yinta? Me take nufi?"

Miriam ta dubi tsagar da ta sake karkacewa a hannunta, dariya ta kama ta cikin hawaye.

"Inna, ba salo ba ne. Nan wurin ne ba ta yarda a taɓa, kullum sai ta fizge. Kuskure ne."

Uwani ta riƙe haɓa. Rabin yaran unguwa na yawo da shi a kai.

"To, ki yi shiru da bakinki," ta ce. "Akwai mutum shida da na yi wa alkawarinsa ranar Asabar."