Gam Mai Jinkirin Kamawa

A tsibirin kowa Kwana Uku yake kiransa, har surukansa. Bakanike ne. Ranar da ya sauka da akwatin sifanoninsa, ya ce wa mutanen tasha kwana uku zai yi, ya gyara injin jirgin fito ya koma. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ya gama wancan aka kawo na masunta, ya gama na masunta aka kawo injin ban ruwa. Kafin ya ankara ya auri 'yar mai jirgin fiton, an kafa masa rumfar kwano a bakin ruwa.

Ba wanda ya ɗaure shi. Sai dai duk sanda ya fara zancen tafiya wani inji zai tsaya, kuma babu wani bakanike sai an haye ruwa an yi tafiyar rabin yini. Matarsa takan ce injinan nan kunne gare su.

Bara waccan wani abokinsa da suka koyi aiki tare ya kira shi a waya. Wata babbar ma'aikatar gyaran jirage a birni tana neman ƙwararru, da gidan zama da makarantar yara, kuma ya riga ya ba da sunansa. Sharaɗin kawai ya bayyana ranar Alhamis da safe a gwada hannunsa.

Ranar Talatar makon ruwa ya shiga man injin jirgin fito, man ya koma fari kamar madara. Lokacin kogi ya cika ya batse, kwalekwalen masunta ba sa iya ratsa tsakiya, jirgin nan kaɗai ke hayewa. Kwana Uku ya kwance kan injin, ya kankare fuskarsa har tana sheƙi, ya ɗora sabon gaskit, shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kan da jikin injin, a bushe, don wannan ba ya son a shafa masa komai. Laraba da hantsi saura kusoshin da ke ɗaure kan. Huɗu daga ciki ramukansu sun zarce har hanyar ruwan da ke sanyaya inji. In ba a shafa wa zarensu, wato tsagar murɗawa da ke jikinsu, gam ba, ruwa zai biyo su ya sake samun mai.

Gam iri biyu ne a kan bencinsa. Akwai jan silikon, mai bushewa cikin awa guda. Akwai wani fari a 'yar kwalba, wanda don zaren kusa aka yi shi, amma sai ya kwana ya wuni kafin a tayar da inji.

Surukinsa na zaune a kan jarka yana kallo. Tsohon ya san maganar birnin, kuma bai taɓa cewa uffan a kanta ba sai ranar.

"Sa jan nan mana, ɗana, in haye da kai da yamma. Ka yi mana iya yi."

Kwana Uku ya ɗauki jan, har ya buɗe murfin. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sannan ya bayyana wa tsohon cewa silikon in aka matse shi a zare yakan tsattsage, gutsattsarinsa su bi ruwa su toshe hanya. Ba yau ba, wataƙila sai bayan wata guda, a tsakiyar kogi, da mutum arba'in da awakinsu a ciki.

"Kuma ranar ba na nan, Baba."

Ya shafa farin, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe. Da ya shiga gida matarsa ta dubi hannunsa ta dubi fuskarsa, ta zuba masa ruwan wanka.

Alhamis da azahar injin ya tashi lafiya lau. Ya haye, ya isa birni Juma'a da safe. Abokin ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce an riga an ɗauki wasu tun jiya. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar ya hango wani inji mai girman ɗaki rataye da sarƙa, mutum shida suna kewaye da shi cikin kaya iri ɗaya. Ya tsaya kallo har mai gadi ya ce ya matsa wa mota.

Abokin ya yi alkawarin kiransa in an sake neman mutane. Tun daga nan wayarsa ba ta rabo da caji. Yana rataye ta a jikin ginshiƙin rumfa cikin leda, kada baƙin mai ya taɓa ta, kuma in ta yi ƙara yakan goge hannu sosai kafin ya ɗauka. Yawanci masunta ne.