Bututun na'urar shanya da kaskon Goggo

Haihuwata ta fari a Madina na yi ta, a wani gidan haya a unguwar Sultana, hawa na uku. Ba mu da wurin shanya sai saman soro, shi kuwa maza ne ke hawa duba tankin ruwa, don haka maigidana ya sayo na'urar busar da kaya. Aka ajiye ta a wani ɗan ɗaki mara taga, bututun robarta yashe a ƙasa.

Mai gidan da muke haya dattijo ne haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya leƙa ɗakin ya girgiza kai.

"Mamnu', an hana, 'yata. Doka ce, bututun ƙarfe ake sawa, a huda bango ya fita waje. Wannan audugar da yake hurowa wuta take ci. Kar a kunna sai mai aiki ya zo."

Na ce to. Goggo, ƙanwar babana da ta zo yi mini wankan jego, ita ma ta ce to, amma na san irin to ɗinta. Goggo ba ta yarda da abu biyu ba: sanyin na'urar ɗaki, da kayan jariri marasa turare. Ni kuwa mai zafin kai ce, amma bakina ba ya buɗuwa a gabanta.

Wata safiya maigidana yana jami'a, ina banɗaki cikin ruwan zafi, sai na ji ƙugin na'urar ta bango. Raina ya ɓaci. Na ce bari in gama in lallaɓa ta. Can ƙamshin turaren wuta ya shigo, a bayansa kuma wani ƙauri kamar na tsumma.

Na ɗaura zani na fito jiƙe. Gadon jariri babu kowa.

"Goggo, ina yaron?"

Daga kicin ta amsa: "Yana ɗakin ɗumi. Sanyin nan zai kama masa ƙirji."

Ashe ta ga iska mai zafi na fita a banza, sai ta aje kasko da garwashi a bakin bututun, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, ta baza rigunansa, ta shimfiɗe yaron a gefe, ta ja ƙofa.

Na tura ƙofar, hayaƙi ya tare ni. Audugar ta kama, wuta na bin robar zuwa bayan na'ura. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma yaron bai yi kuka ba.

Goggo ta bangaje ni ta shige. Ta sure shi ta cilla mini a ƙirji, ta fizge wayar na'urar daga bango, ta danne robar da tafukanta biyu. Na fita baranda ina jijjiga shi, ina hura masa fuska. Sai da ya yi tari, sannan ya tsala ihu, na durƙushe a wurin.

Washegari aka huda bangon. Ban ce wa Goggo komai ba, duk da maganar da na tanada. Hannayenta da suka ƙone na naɗe har muka yi arba'in. Kullum da safe ta zauna a bakin baho ta ɗora su a cinya, ni ina wanke yaron, ita tana cewa in tallafi wuyansa.