Gwiwar Maigidana

A ƙauyenmu, can bayan Yako, gwiwar maigidana ta hagu ce ke faɗa wa mutane lokacin shuka. Tun yana saurayi ya gurɗe a wajen kokawa, shi ke nan, duk sanda ruwa ya kusa sai ta fara masa tsami. Da an ga yana ɗingishi a ƙarshen bazara, sai maza su saɓa sungumi su tafi binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Ni dai na gaji da gwiwar nan. In mutane sun shigo, ita suke fara tambaya kafin su gaishe ni.

Wata shekara a ƙarshen bazara, da furfurarsa da komai, ya ce sai ya koyi babur. Ya ari na ƙaninsa ya nufi hanyar Ba'awa, inda yake zaton babu mai ganinsa. Akuya ta gitta, ya bar mata hanya, ya faɗa rami. Ya dawo yana jan ƙafa, ya rantsar da ni kada in faɗa wa kowa. Ina shafa masa man zafi ina dariya har da hawaye.

Washegari ya ɗingisa zuwa masallaci. Kafin hantsi gari ya watse, kowa yana gona. Sama kuwa fes, babu ko ɗigon gajimare.

Nan dariyata ta tsaya. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, irin da ke hannun mutane shi ke nan, in ya tafi babu wani. Na ce ya fita ya faɗi gaskiya. Ya kai ƙofar gida, ya tarar wani dattijo ya kawo wa gwiwar ƙwan zabbi tukuici, sai ya karɓa, ya yi godiya, ya dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na dafa ƙwan.

Da la'asar ya sauke zangarnun dawarmu ta iri daga saman murhu, inda nake rataye su hayaƙi ya kori ƙwari. Na tare ƙofa.

"Malam, kai ma ka san rami ne, ba ruwa ba."

"Na sani," ya ce. "In nasu zai lalace, namu ma ya lalace tare."

Wato ya fi masa sauƙi ya binne abincin shekara a kan ya ce akuya ta kayar da shi. Na matsa ya wuce.

Ruwa ya ƙi zuwa. Zabbi da kurciyoyi suka yi ta tono har suka yi ƙiba, tururuwa suka kwashe saura. Shi kuma kullum yana tsakar gida yana kallon gabas, yana ƙara wa ɗingishin ƙarfi, ko sama za ta ji kunya. Ni tsoro ya kama ni sosai, don ban san me za mu sa a ƙasa ba.

Ranar da ruwan gaske ya sauka, ina zaune ina kallon saman murhu wayam, maƙwabciyata ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai. Irin dawa ne. Ta ce ita da sauran matan gari suna dawowa daga itace suka ga faɗuwarsa, har suka ɓuya kada ya ji kunya. Sun san mazajensu ba za su yarda da maganar mace a kan gwiwa ba, shi ya sa kowacce ta ɓoye rabin irin gidanta.

"Ke muka san ba za ki iya ɓoyewa ba, tunda gwiwar a gidanki take," ta ce, "don haka kowacce ta ɗebar miki a nata."