Hoton Shanu a Bakin Gulbi

Shekara uku na yi a shagon hoto a gefen kasuwar Anka, ina ɗaukar maniyyata da masu neman aiki. Kowa ya zo sai ya zauna gaban farin ƙyalle, ya ɗaure fuska, in danna, ya tashi. Na kai inda ko kujerar ba na son gani.

Wani malamin makaranta da ke zuwa hira shagona shi ya ƙara tsunduma ni. Ya kawo mini tsohuwar mujalla, ya fassara mini labarin wani Ba'amurke na zamanin da, wanda ke loda kayan hotonsa a keken doki yana bin gobara da ambaliya, jaridu na bugawa. Tun ranar zama ya gagare ni. Da na ji an ce wani abu ya faru a Gummi, sai in rufe shago in hau babur. Sau da yawa kafin in isa an watse.

Inna ta gaji da ni. "Wai mi kaka biɗa bisa hanya?" in ji ta. "Ga mutane sun taho tun Adabka, sun iske ƙofa rufe."

Da daminar wata shekara, gulbi ya cika ta wajen Bukkuyum. Na tarar da Fulani suna ƙetarar da shanu, ruwa ya kai musu ƙirji. Na tsaya kan tudu ina ɗauka cike da murna. Can sai ruwa ya ja wata saniya, wani dattijo ya jefa mata igiya a ƙaho, ita kuma tana neman tafiya da shi. Na sa ido a kyamara na danna sau biyu.

Dattijon ya ɗago ya gan ni. "Kai mai akwati! Aje abin nan ka kama muna!"

Ban sauko nan take ba, don hoton da nake nema ke nan tun da na fara yawo. Sannan na rataye kyamarar a reshe na gangara. Mu huɗu muka ja har saniyar ta fito, igiya ta saɓule mini fatar tafin hannu. Matar dattijon ta ba ni nono a ƙwarya, na sha ina kallon reshen.

Da na wanke fim ɗin, biyu na ƙarshe sun yi dishi-dishi, amma ana ganin dattijon da igiyar. Na ba wani direban babbar mota ya kai gidan jarida a Kaduna. Kullum sai na je tasha in duba jarida. Sai bayan sati biyar ya fito, ƙarami, a shafin ciki, ba sunana, kuma an rubuta wani gari daban.

Na kai wa Inna. Ta juya jaridar sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ruwa.

Na so in kai wa dattijon nasa, amma da na koma mashigin sun riga sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Na kwana biyu a shago ina ɗaukar fasfo. A rana ta uku aka ce gada ta karye a hanyar Gummi, na tura masu jira su dawo gobe.