Takardar da Ta Tsaya Mini

Mai shinkafa a Kwatano bai san fuskata ba, ya ƙi ɗora mini kaya sai banki ya tsaya mini. Aka yi takarda da Faransanci: in na kasa biya, banki zai biya shi. Na rubuta ma'anarta da ajami a bayanta.

Kwana shida ina zarya tsakanin masallaci da gadar Gaya ta kan iyaka, ina leƙen kowane kamyo, wato babbar motar kaya. Na zaci sai takardar ta yi aiki kaya za su taso. Na tambayi ma'aikacin banki, "Yaushe za a taɓa ta?"

Ya yi dariya. "Alhaji, roƙi Allah kada a taɓa ta!"

Washegari shinkafata ta haye kogi, na biya da hannuna. Takardar tana cikin gafakata har yau.